INA MAKOMAR JARIDAR HAUSA A ZANGO?

 

A wannan wata muna son mu taɓo wata magana ce da ta shafi ita kanta takardar da ke hannunku. Duk wanda ya buɗe ta ya san kashi biyu ce, ga Faransanci ga Hausa, kuma akwai masu tambayar cewa wai mene ne amfanin ɓangaren Hausa, tun da yaranmu Faransanci suke koyo a lakwal, tsofaffinmu suna da rediyo, matasa kuwa kowa da wayarsa a hannu? Tambaya ce mai nauyi, bai kuwa kamata a amsa ta da fushi ba. Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya, saboda haka bari mu waiwayi yadda kakanninmu suka riƙa samun labari a baƙon wuri, sannan mu leƙa tarihin wasu mutane da suka riga mu shiga irin wannan hali, watau Jamusawan da suka bar ƙasarsu suka zauna a ƙasashen wasu.

Sanin kowa ne cewa fatauci ne ya kawo Hausawa wannan yanki. Ayarin fatake kan taso daga Kano ko Sakkwato ko Jega da kanwa da tufafi rinannu da jemammun fatu, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Paraku, su yada zango a Zugu, daga nan su miƙa ta ƙasar Kotokoli zuwa Salaga a Gwanja domin sayen goro. Tafiya ce ta watanni, kuma kowane babban ayari yana da madugu da jagaba da uban dawaki, yana kuma da malaminsa. Shi wannan malami, ban da jan salla da addu'a, shi ne mai riƙe lissafi, shi ne kuma mai rubuta wasiƙa. Idan ayari ya sauka a unguwar Wangara ta Zugu, maigidan da ya sauke shi zai ji farashin goro a Kano, da hanyar da 'yan fashi suka tare, da sarkin da ya rasu da wanda aka naɗa, da wanda ya aiko wa iyalinsa saƙo. To ashe tun kafin a san injin ɗab'i a nan, zango yana da hanyar labarinsa, kuma wani kashi nata a rubuce yake.

Babban misali a nan shi ne Alhaji Umaru na Kete-Karachi, Allah Ya jiƙansa. A Kano aka haife shi wajen shekarar 1858, kuma tun yana saurayi, a 1877, ya wallafa littafi da Larabci a kan yadda ake tsara wasiƙa, littafin da malaman zanguna suka daɗe suna amfani da shi. Ya zauna a Salaga, bayan yaƙin basasar da ya tarwatsa garin a 1892 kuma ya koma Kete-Karachi, inda ya yi limanci har ya rasu a 1934. Waƙoƙin da ya rubuta da Larabci da ajamin Hausa sun ƙunshi abubuwan da suka faru a zamaninsa, kamar zuwan Nasara da annobar murar nan ta 1918, ɗalibai kuma suna kwafarsu da hannu suna kai su zango zango. A farkon zamansa a can, Kete-Karachi tana hannun Jamus ne, kuma wani jami'insu mai suna Adam Mischlich ya zauna gaban Alhaji Umaru ya ɗauki Hausa da tarihin ƙasar Hausa, ya kuma buga ƙamus na Hausa da Jamusanci a Balin a 1906. Ita ma Zugu saura kaɗan ta faɗa hannun Jamusawan, sai yarjejeniyar da suka ƙulla da Faransa a 1897 ta bar ta a ɓangaren Dahome.

To amma fa akwai wani ɓangare na tarihin nan da ba mu cika son tunawa ba. Gidaje da yawa a Zugu da Paraku da Kandi asalinsu daga ƙasar Hausa ne ko Barno, sun zauna, sun yi aure, sun hayayyafa, sannu a hankali Dendanci ya zama harshen gidansu. Ba wanda ya tilasta musu, kuma ba laifi suka yi ba, domin Dendawa 'yan'uwanmu ne na addini da kasuwa da auratayya. Abin lura kawai shi ne, harshen da ba a karanta shi, ba a kuma rubuta shi a cikin gida, yakan kai jika ko tattaɓa-kunne ne ya tsaya. Abin da ya riƙa raya Hausa a zangunanmu shi ne sababbin zuwa, musamman bayan da hanyar jirgin ƙasa daga Kwatano ta iso Paraku a tsakiyar shekarun 1930, garin ya zama mashigar kayan Nijar.

Jaridar Hausa ta ɗab'i kuwa daga Arewacin Nijeriya ta faro. A 1932 gwamnatin Ingila ta soma buga wata takarda mai suna Jaridar Nijeriya Ta Arewa, wadda sarakuna da ma'aikata ne galibin masu karanta ta. Sai a watan Janairu na 1939 aka fito da Gaskiya Ta Fi Kwabo, ƙarƙashin kulawar Dokta Rupert East, da Malam Abubakar Imam a matsayin edita. A nan ma da hannun Jamus a cikin labarin, domin ɗaya daga cikin dalilan kafa ta shi ne a kashe jita-jitar da ta bazu cewa za a miƙa Nijeriya ga Hitila. Kwabo ɗaya ake sayar da ita, mutum ɗaya ya saya, ya karanta wa goma a ƙofar gida. Da aka ga masu karatun ajami sun fi masu boko yawa, sai aka riƙa haɗa ta da 'yar takarda ta ajami. Ta bi sojoji Hausawa har fagen yaƙin duniya na biyu, su kuma suna aiko mata da wasiƙu. A shekarun 1950 hukumar NORLA ta ƙaro jaridun larduna, irin su Sodangi a Kano da Himma a Katsina da Zaruma a Sakkwato da Bazazzaga a Zariya. A farkon shekarun 1980 kamfanin Triumph na Kano ya fito da Albishir da boko da Alfijir da ajami, sannan Aminiya ta biyo baya a 2006.

Duk waɗannan jaridu na gida ne, an yi su domin mutanen gida. Idan direba ko ɗan kasuwa ya shigo da kwafi ɗaya zango, ana karɓarsa hannu bibbiyu, amma labarin da ke ciki na Kaduna ne da Ikko. Ba za ka sami bayanin harajin da ma'aikatar magajin garin Paraku ta ɗora ba, balle takardar da jandarma zai tambaye ka a hanyar Malanbil. Haka abin yake ga rediyo. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, na Muryar Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979, na Rediyon Faransa a 2007, kuma sun yi wa Hausar zango hidimar da ba ta misaltuwa, domin sun sa kunnen yaro ya saba da daidaitacciyar Hausa. Sai dai kunne ba ya koya wa hannu rubutu, kuma gidan rediyon da ke Landan ba zai sanar da rasuwar limamin unguwarmu ba.

A ɓangaren da Faransa ta mulka kuwa, tun farko an toshe ƙofar. A 1921 aka kafa doka a ƙasashen Afirka ta Yamma na Faransa cewa ba a buga jarida da wani harshe da ba Faransanci ba sai da izinin hukuma. Dahome ta yi suna wajen jaridu masu tsage gaskiya ga 'yan mulkin mallaka, irin su Le Guide du Dahomey ta 1920 da La Voix du Dahomey ta 1927, amma da Faransanci suke, kuma a bakin teku. Sai a farkon shekarun 1970 aka ga jaridar karkara da harshen Bargawa mai suna Kparo a nan Paraku, wadda ta fito daga aikin yaƙi da jahilci tsakanin manoman auduga. A 1975 aka tsayar da baƙaƙen rubuta harsunan ƙasa. Bayan babban taron ƙasa na watan Fabrairu 1990, tsarin mulkin da aka kafa ran 11 ga Disamba na wannan shekara ya bayyana a sashe na 11 cewa kowace al'umma ta ƙasar Benin tana da 'yancin amfani da harshenta, a baki da kuma a rubuce. Watau dai doka ta ba mu fili, abin da ya rage shi ne ko za mu noma shi.

A nan ne tarihin Jamusawa zai yi mana amfani, domin sun yi fice wajen yawan jaridu a ƙasar wasu. Jaridarsu ta farko a Amurka ta fito ne a birnin Filadelfiya a 1732, kuma wanda ya buga ta, Benjamin Franklin, ba Bajamushe ba ne, ya hango kasuwa ce kawai. Fitowa biyu ta yi ta mutu. Bayan shekara bakwai, a 1739, wani daga cikin baƙin da kansu mai suna Christopher Sauer ya kafa tasa, ita kuwa ta kama ƙasa ta daɗe, domin ya san abin da ke damun manoman da yake rubuta wa, yana kuma magana da su da irin bakinsu. Wannan shi ne darasi na farko a gare mu. Jaridar al'umma sai 'yan cikinta.

Har ila yau a Filadelfiya, jaridar da ta fara ba da labarin amincewa da takardar ayyana 'yancin kan Amurka jaridar Jamusanci ce, ran 5 ga Yuli 1776. Bayan da juyin juya halin 1848 ya ci tura a Jamus, masu ilmi da yawa suka gudo Amurka suka shiga aikin jarida. Ɗaya daga cikinsu, Carl Schurz, ya zama ɗan majalisar dattawa har da minista, kuma a jaridarsa ta Westliche Post da ke birnin Sen Luwis ne Joseph Pulitzer, wanda ake ba da babbar lambar yabon 'yan jarida da sunansa, ya fara aiki a 1868. Zuwa farkon shekarun 1890, jaridu da mujallun Jamusanci a Amurka sun kusa 800.

Me ya sa suka yawaita haka? Domin suna yi wa baƙo aikin da maigida yake yi wa bafatake a zango. Suna gaya masa inda ake neman ma'aikata, da inda ƙasar noma take da araha, da yadda zai nemi takardar zama ɗan ƙasa, da ranar zaɓe da abin da 'yan takara suke faɗa. Suna buga cigiyar ɗan'uwan da ya sauka daga jirgin ruwa aka daina jin ɗuriyarsa, da sanarwar aure da ta mutuwa, da tallar mai gasa burodi na unguwa. Labarin tsohuwar ƙasa yana ciki, amma abin da ya sa mutum yake cire kuɗinsa ya saya shi ne labarin inda yake zaune. Da harshen gida suka koya wa mutanensu zama 'yan sabuwar ƙasa.

Sai kuma ranar wanka ta zo. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, da yawa daga cikin jaridun nan suka fito fili suna goyon bayan Jamus. A watan Afrilu na 1917 Amurka ta shiga yaƙin a kan Jamus, nan take aka soma kallon duk mai karanta Jamusanci a matsayin ɗan leƙen asiri. A watan Oktoba na wannan shekara aka kafa doka cewa duk jaridar da ba ta Ingilishi ba, idan za ta rubuta wani abu game da gwamnati ko yaƙi, sai ta fara kai fassararsa gidan waya, in ba ta sami izini na musamman ba. Masu talla suka janye, masu sayarwa suka ƙi ɗauka, makarantu suka daina koyar da harshen. A jihar Ayowa, gwamna ya hana magana da kowane baƙon harshe a bainar jama'a a 1918, har a coci da wayar tarho. Kafin 1920 kusan rabin jaridun sun rufe. Kotun ƙoli ta soke dokar hana koyar da harsunan waje a 1923, amma aikin gama ya riga ya gama. A Birazil ma gwamnatin Vargas ta hana buga jaridu da harsunan waje a 1941.

Gani ga wane, in ji Hausawa, ya ishi wane tsoron Allah. Mu ma mun san yadda iska take juyawa baƙo. A ƙarshen 1963 rikicin tsibirin Lete ya sa Nijar ta kori 'yan Dahome da ke aiki a can. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fice, aka ga mutanen da aka haifa a zangunan Kumasi da Ankara suna neman hanyar garuruwan da ba su taɓa gani ba. A 1983 Nijeriya ta yi irin nata. A watan Agusta na 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa har zuwa Disamba 2020, a 2023 kuma, bayan juyin mulkin Yamai, aka rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya, manyan motoci suka yi jerin gwano a hanya. A irin waɗannan lokuta, wanda ba ya samun sahihin bayani da harshen da yake ji, shi ne jita-jita take fara cinyewa. Darasi na biyu ke nan, kuma kaifi biyu gare shi. Dole shafin Hausa ya kasance mai bayyana wa mutanensa dokar ƙasar da suke ciki, dole kuma ya kiyayi zama kakakin rigimar siyasar Abuja ko ta Yamai. Yawancinmu a nan aka haife mu, a nan muke biyan haraji, a nan muke jefa ƙuri'a, kuma bai kamata mu ba kowa ƙofar ce mana 'yan wata ƙasa ba.

Wannan ba ya nufin jaridar baƙo ta zama marar ra'ayi. A Ajantina akwai wata jarida mai suna Argentinisches Tageblatt da iyalin Alemann suka kafa a 1889. Da Hitila ya hau mulki a 1933, ta ƙi bin sa, duk da cewa an hana ta shiga Jamus, kamfanonin Jamusawa kuma sun janye tallarsu. A Niyok, Yahudawan da suka tsere daga Jamus sun kafa Aufbau a 1934, bayan yaƙi kuma ta riƙa buga jerin sunayen waɗanda suka tsira daga sansanonin kisa, mutane suna duba shafukanta suna neman iyayensu da 'ya'yansu. Waɗannan su ne ake tunawa da su da mutunci har yau, domin sun tsaya a kan gaskiya da kuma hidimar masu karatunsu.

Sai dai abin da ya kashe mafi yawan jaridun Jamusanci ba doka ba ce, ba kuma yaƙi ba ne. Tun kafin 1914 adadinsu ya soma raguwa, domin sababbin zuwa sun ragu, 'ya'yan da aka haifa a can kuwa Ingilishi suke karantawa. Uba ya mutu, ɗa ya rubuto a daina aiko da jarida, domin babu mai karanta ta a gidan. Ita kanta Argentinisches Tageblatt, wadda Hitila bai iya rufe bakinta ba, ta daina fitowa a takarda a watan Janairu na 2023. A ɗaya ɓangaren kuma, jaridar Allgemeine Zeitung da aka kafa a Namibiya a 1916 ta haura shekara ɗari, ko da yake masu jin Jamusanci a ƙasar 'yan ƙalilan ne, saboda suna da makarantun da yaransu suke koyon karatu da rubutu da harshen. Darasi na uku ke nan, shi ne kuma ya fi shafarmu, domin shi ne abin da ya sami gidajen Zugu da muka ambata. Hausa tana da miliyoyin masu magana da ita, ba ta fuskantar mutuwa a Kano ko Maraɗi. A cikin gidajenmu na nan ne take iya ƙarewa.

To mene ne abin yi? Da farko muna kira ga iyaye maza da mata, idan jarida ta shigo gida kada a ajiye ta sai ranar ƙunshe ƙosai. Yaron da ya iya karanta Faransanci, baƙaƙe kaɗan ne suka rage masa ya karanta Hausa, watau irin su ɓ da ɗ da ƙ da ts, kuma cikin 'yan kwanaki zai kama su. A zaunar da shi bayan sallar isha'i ya karanta wa kakarsa shafi ɗaya, ita ta gyara masa lafazi, shi kuma ya ba ta labari. Malaman makarantun allo da na Islamiyya su ma suna da rawar takawa, domin almajirin da ya iya ajami rabin aikin ya riga ya yi.

Na biyu, sarakunan zango da limamai da shugabannin ƙungiyoyin mahauta da dillalan shanu da direbobi su riƙa aiko da sanarwarsu da Hausa, ta suna ce ko ta ɗaurin aure ko ta rasuwa ko cigiya. Dattawan da suka san tarihin gidajensu, daga ina kakansu ya taso, a wane ayari ya zo, wa ya sauke shi, su sa a rubuta tun suna da rai. Matasanmu da suka yi karatu mai zurfi kuwa, musamman ma'aikatan lafiya da masana doka, su taimaka da bayani cikin Hausa mai sauƙi. Lokacin rajistar jama'a ta RAVIP da aka fara a ƙarshen 2017, duk wanda ya zauna a zango ya san yawan tambayoyin da mutane suka riƙa yi a kan takardar haihuwa da lambar shaida. Irin wannan bayani shi ne ainihin aikin shafi kamar wannan.

Na uku, 'yan kasuwarmu na Arzeke da na babbar kasuwar Zugu su tuna cewa takarda da tawada ba kyauta ake samunsu ba. Jaridun Jamusawa sun rayu ne da tallar masu shagunan unguwa, ranar da tallar ta ɗauke kuwa suka durƙushe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Daga ƙarshe, kada kowa ya ji kunyar Hausarsa. Wanda ya ce lakwal da wanda ya ce makaranta, wanda ya ƙirga kuɗi da dala da jaka da wanda ya saba da naira, duk ƙofa a buɗe take gare su. A rubuto yadda aka iya, gyaran ƙa'idar rubutu aikinmu ne. Muna kuma son jin ra'ayinku a kan ko ya dace a riƙa ware wani ɗan gurbi na ajami domin dattawa da malamai, kamar yadda Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yi a zamaninta. Wasiƙun da suka iso za mu buga su a wannan fili.

A nan za mu dasa aya. Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya raya mana zuriya, Ya albarkaci kasuwa. Sai wata mai zuwa idan Allah Ya kai mu.